Baturan Jirgin Yaya Mammadu

Shagon Malam Abdurrahim yana Takur, a cikin Dutse, layi biyu tsakaninsa da gidana. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna maƙwabtaka. Ni Talha, malamin firamare ne. Shi kuwa sana'arsa haɗa sola. Shi ne zai hau rufi ya kafa faifai, ya ja waya, ya jera batura a lungun ɗaki, ya kunna fitila ya kashe har sau uku, sannan ya ce maka an gama. Gajere ne kakkaura, ba ya son dogon zance, kuma hannunsa na dama yatsa huɗu ne.

Ba ɗan Dutse ba ne. An haife shi a Kwarin Gawo, wani ƙauye a fadamar da ke arewa da Jahun, inda kogi yake ɓallewa duk damina ya kewaye gari, sai a yi wata uku ko huɗu ba shiga ba fita sai da jirgi. Mahaifinsu ɗan fito ne, kakansu ma haka. Su biyu ne maza a ɗakinsu, Mammadu wanda ya girme shi da shekara shida, sai shi. A can ba wanda yake kiransa Abdurrahim, Audu suke ce masa.

Yana da shekara goma sha huɗu jirgin mahaifinsu ya kife da su. Ranar kasuwa ce, an loda gero ya wuce kima, jirgin ya daki wani kututture da ruwa ya rufe. Kowa ya yi iyo ya fita, ban da shi. Shi a ƙarƙashin jirgin ya tsinci kansa, duk inda ya ɗaga kai sai ya bugi katako. Mammadu ne ya nutsa sau biyu, a na biyun ya kamo shi ta wuyan riga. Ba a yi asarar rai ba, geron ne kawai ya tafi. Amma daga ranar bai ƙara taka jirgi ba. Mahaifinsu ya lallashe shi, ya yi masa faɗa, ya karɓo masa rubutu ya sha, duk ba abin da ya sake. Damina tana kankama sai ya zauna a gari tare da tsofaffi yana ɗinke komar masunta, har ruwa ya janye.

Shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha, wani kawunsa ya kawo shi gareji ya koyi gyaran wayar mota. A nan ya rasa yatsan. Yana sabon ango, da zoben azurfa a hannu, aka kawo wata babbar mota. Yana ɗaure jan kan batir, sifana a hannunsa, zoben ya haɗa sifanar da ƙarfen motar. Kafin ya fizge hannu zoben ya yi ja kamar garwashi. A asibiti aka ce yatsan ya riga ya mutu, aka yanke. Ya taɓa ce mini: "Malam Talha, batir ba ya ƙara, ba ya motsi, shi ya sa ake raina shi." Da mutanen Dutse suka gaji da ɗauke wuta suka koma sola, sai ya bar gareji ya bi su. Aikin duk ɗaya ne a wurinsa, ja da baƙi, da sanin wanda za ka fara taɓawa.

Gida kuwa sai da rani yake zuwa, lokacin da babur zai kai mutum har ƙofar zaure. Mahaifinsu ya rasu a tsakiyar watan Agusta, ruwa ya cika maƙil. Abdurrahim ya hau mota ya je har gaɓa, ya tsaya tun hantsi har la'asar yana hango bishiyoyin gari, jirgi yana zuwa yana komawa, ya kasa shiga. Aka yi jana'iza ba da shi ba. Mammadu, wanda ya gaji jirgin, bai taɓa yi masa maganar ba. Sai dai tun daga lokacin zancensu ya tsaya a gaisuwa, ya iyali, ya aiki, a gai da mutanen gida.

Bayan babbar ambaliyar da aka yi 'yan shekarun nan, mutanen Kwarin Gawo suka haɗa hannu suka ce a sa wa jirgin Mammadu sola. Jirgin babba ne, na katako, mai inji a baya da rumfar kwano a tsakiya. Suna son fitila a gaba don dawowar magariba, da wurin cajin waya, da ɗan famfon da zai riƙa tsotse ruwan da yake shiga ta tsakanin katako, wanda da ƙwarya ake kwarfe shi tun zamanin kakansu. Abdurrahim ya je da bazara, jirgin yana kan tudu. Ya kafa faifai biyu a kan rumfar, ya yi wa batura biyu akwati a ƙarƙashin benci, ya manna kwanturola a jikin akwatin, wato ɗan na'urar da take tsakanin faifai da batir tana daidaita caji. Ya gwada, komai ya tashi. Ya sha fura, ya hau babur ya dawo. Bai gaya wa yayansa yadda ake kwance kayan idan ruwa ya janye ba, shi kuma yayan bai tambaya ba.

Damina ta wuce lafiya. Da aka ja jirgi tudu, Mammadu ya ɗauko filaya da tsakar rana, faifai suna shan rana, ya fara da wayoyin batir. Tartsatsi ya tashi ya ƙona masa gefen gemu, kwanturola ta yi hayaƙi. Ya ce a ransa ai haka kayan wuta suke. Ya kai baturan madafa ya ajiye a ƙasa, kusa da inda matarsa Maijidda take bandar kifi. Faifan kuma ya shimfiɗa su a kan rumfar awaki, wani bunsuru ya yi tsalle ya tsaga ɗaya. Ɓeraye suka ci rabonsu na waya. Wata bakwai ba wanda ya waiwayi kayan.

Da ruwa ya dawo ya mayar da komai yadda ya iya tunawa, ko fitila ba ta kama ba. Bai kira ƙanensa ba. Ya koma wa ƙwaryarsa, wanda ya tambaya sai ya ce ana jiran wani kaya daga birni. Har wata Laraba da aka dawo daga kasuwa da lodin shinkafa, iska ta taso, ruwa ya riƙa shiga fiye da yadda mutum ɗaya zai kwarfe. Mata suka juye kayan kwanukansu suka kama kwarfa, aka jefar da buhu huɗu, da ƙyar aka kai gaci. Maijidda tana cikin jirgin. Washegari ta kira Abdurrahim, ina zaune a bencin shagonsa.

"Audu, kayanka sun mutu tun bara, yayanka ya ƙi gaya maka. Jiya saura kaɗan mu kwana a ƙasan ruwa."

Ya saurare ta har ta gama. Da ya ajiye wayar sai ya ce: "Laifina ne. Na ba mutum abu ban nuna masa yadda ake ajiye shi ba."

A makon ya je da sabuwar kwanturola da batura da faifai ɗaya. Ya sa aka kawo jirgin wannan gaɓar, aka jawo gabansa kan yashi, ya yi aikinsa ƙafarsa ɗaya tana ƙasa. Da zai tafi ya ce wa yayansa: "Yaya, idan ruwa ya janye kada ka taɓa komai. Ni zan zo."

Farkon Nuwamba Mammadu ya aiko cewa ranar Asabar za a ja jirgi, domin yana son ya koma gonar rani. Abdurrahim ya ce in raka shi. Ban taɓa ganin fadamar ba, na ce to. Muka hau bas zuwa Jahun, daga nan babur ya ɗauke mu, jakar kayan aikinsa a tsakaninmu. Duk tsammaninsa hanya ta bushe. Da muka isa sai muka tarar da sauran ruwa shimfiɗe tsakaninmu da gari, faɗinsa ya kai filin ƙwallo uku, ga jirgin a gaɓa, ga wani dogon mutum mai furfura a tsaye da gora a hannu. Shi ne Mammadu.

Suka gaisa. Mammadu ya gaishe ni, ya yi mini ban gajiya. Sannan ya dubi ƙanensa.

"In kana so, sai ka kwance su a nan, in haye da su."

"A ina za ka ajiye su?"

"Akwai wuri."

"Bara ma akwai wuri," in ji Abdurrahim. "Sai na gani da idona."

Ya tsaya a bakin ruwan kamar minti biyar. Can ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya yi bisimilla, ya taka. Bai zauna a benci ba, a ƙasan jirgin ya zauna, dab da akwatin batura, ya buɗe murfin ya kafa wa wayoyin ido. Na ga gumi yana bin bayan kunnensa. Mammadu ya miƙa hannu zai ja igiyar inji, sai ya fasa, ya ɗauki gora. A hankali ya tura mu, jirgin ko girgiza bai yi ba. Muna tsakiya Abdurrahim ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Wa ya ɗaure wannan wayar da leda?"

"Ni ne. Ta saki ne."

"Ba a ɗaure waya da leda, Yaya."

"To."

Haka muka kai gaci. Maijidda tana tsaye a can da wasu mata masu wanki. Da ta ga wanda yake fitowa daga jirgin sai ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta ce: "Audu, kai ne a ruwa? Yau sai na yanka zakara." Ya ce mata ta fara ba shi ruwan sha tukuna.

Maza goma sha biyu suka taru, aka jera gungume, aka ja jirgin har gindin wani gawo. Mammadu ya ɗauko filayarsa. Abdurrahim ya ce ya mayar da ita aljihu. Ya ce batir ba a ajiye shi da yunwa, a bar su su sha rana su cika, sai bayan la'asar za a taɓa su. Kafin nan a nuna masa ɗaki.

Madafa aka fara kai shi, ya leƙa kawai ya juyo. Ya ce batir yana fitar da wata iska da ba a gani, idan ta haɗu da wuta fashewa take yi, zafi kuma yana tsufar da shi. Aka nuna masa rumbu, ya ce ɓeraye. Aka nuna masa ɗakin kwanan Mammadu, ya ce ba a kwana da batir. A ƙarshe ya zaɓi wani ɗan ɗaki a bayan gida inda ake rataye koma, mai taga biyu suna kallon juna, ƙasansa a tudu. Ya sa aka share, aka kawo bulo huɗu aka ɗora katako a kai. Muka ci tuwon shinkafa da miyar zakaran Maijidda, muka yi azahar, muka kishingiɗa a zaure.

Bayan la'asar muka koma gindin gawo. Maijidda ta biyo mu da bargo biyu da Abdurrahim ya ce ta kawo, da kwanon ruwan kanwa. Ta ce za ta tsaya ta ga abin da ya ci gemun mijinta.

Abdurrahim ya fara da cire agogonsa ya sa a aljihu. Ya dubi hannun yayansa. Mammadu yana da wani zoben tagulla mai kauri.

"Cire shi, Yaya."

"Ai ni ba taɓawa zan yi ba."

"Kai za ka yi. Ni nuna maka zan yi." Ya ɗaga hannunsa na dama ya buɗe shi a gaban fuskar yayan. Mammadu ya murza zoben da ƙyar ya fita, ya miƙa wa matarsa.

Da fari aka kashe duk abin da yake cin wuta, fitila da famfo da wurin caji, aka zare wayar wani da aka manta a jone. Sannan aka hau rumfa aka lulluɓe faifan da barguna, aka danne gefe da duwatsu. Abdurrahim ya ce ko rana ta yi sanyi, muddin faifai yana ganin haske yana aiko wuta, ba shi da makashi sai duhu. Ya nuna musu fuskar kwanturola, lambar da take nuna abin da yake shigowa daga sama tana sauka, har ta tsaya a sifiri.

"Yanzu sai a raba faifai da kwanturola. Kullum su ake fara cirewa. Bara kai batir ka fara cirewa, wutar rana ta sauko ta rasa inda za ta zuba, ta ƙone kwanturola."

Mammadu ya matsa makullan wayar kamar yadda aka nuna masa, suka rabu ba ko ƙyas. Ya tsaya yana jujjuya su a hannu, kamar yana jiran tartsatsin. Abdurrahim ya naɗe bakin kowace da baƙin salatif, ya sa su a leda ya ɗaure don kada raɓa ko ƙasa ta shiga.

Sai batura. Ya fito da sifanarsa, wadda ya naɗe jikinta duka da salatif, bakin kawai ya bari. Ya ce ƙarfe tsirara ba ya gilmawa a kan batir, ko sifana, ko cokali, ko wuƙar yankan kifi, domin idan ya haɗa kawunan biyu an gama. Ya miƙa wa yayansa.

"Baƙar waya tukuna."

"In na fara da ja fa?"

"Idan baƙar tana jone, sifanarka ta taɓa ja ta goga wani ƙarfe, ka haɗa wuta. Idan baƙar ta fita, hanya ta yanke, ja ba ta da inda za ta bi."

Mammadu ya kwance baƙar. Aka naɗe bakinta aka lanƙwasa ta gefe. Ya kwance ja, aka naɗe. Sannan gajerun wayoyin da suka haɗa batir da ɗan'uwansa, su ma baƙa kafin ja. Kowace waya Abdurrahim ya ɗaura mata ƙyalle, ya ce Maijidda ta ƙulla: ƙulli ɗaya na faifai, biyu na batir, uku na famfo, huɗu na fitila.

Kawunan baturan sun yi wani farin gari mai tsanwa. Ya tsoma tsohon buroshin haƙori a ruwan kanwa ya goge, abin yana kumfa, yana kula kada ruwan ya gangara cikin ramukan batir. Mammadu ya karɓi buroshin ya kama na biyun. Suna tsugune kafaɗa da kafaɗa, kowa idonsa a kan aiki, Mammadu ya ce:

"Ranar da Baba zai rasu ya san kana gaɓa. An gaya masa. Na ce zan je in ɗauko ka ko da ɗaure ka zan yi. Ya ce kada wanda ya matsa maka, shi ne ya yi lodin da ya kifar da jirgi, ba kai ba."

Abdurrahim ya dakata. "Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Haushinka nake ji."

"Har yanzu?"

"Ya ragu."

Abdurrahim ya share fuska da gefen hannun riga. Ya ce Allah Ya jiƙan Baba, muka ce amin. Sannan ya ce wa yayansa ya bar wani wuri a jikin jan kan bai goge ba, Mammadu ya koma ya goge.

Aka tsane kawunan da tsumma, aka shafa musu basilin. Ya buɗe ramukan ya leƙa, biyu sun yi ƙasa, ya ƙara musu ruwan batir daga gorar da ya zo da ita. Ya ce ba ruwan rijiya, ba na kogi, ba na leda. Ya ɗora mitar auna caji, ta nuna sha biyu da ɗigo bakwai a kowanne. Ya ce sun ƙoshi.

Ni da Mammadu muka ɗauki baturan ɗaya bayan ɗaya, a miƙe, ba a karkata ba. Nauyinsu ya ba ni mamaki, sai da na huta sau biyu kafin gida. Aka ɗora su a kan katako da tazara tsakaninsu. Aka kwance faifan daga rumfa, aka wanke su da tsumma mai laushi, aka jingine su a tsaye, fuska da fuska, kwali a tsakani. Wayoyi da kwanturola da famfo suka shiga wata tsohuwar adakar ƙarfe ta Maijidda, wadda ɓera ba zai iya hudawa ba.

Na ɗauka an gama. Abdurrahim ya ce saura babban aikin. Batir ko ba a amfani da shi yana zubar da cajinsa a hankali, idan ya yi wata da watanni a ƙasa ba ya tashi kuma. Dole duk wata wani ya auna, idan ya sauka ƙasa da sha biyu da ɗigo huɗu a fito da faifai ɗaya tsakar gida a ba shi caji wuni guda. Mammadu ya ce shi daga jibi yana gonar rani, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba, kuma waɗannan lambobin na boko ba ya gane su.

"Ba ni mitar," in ji Maijidda. "Ni da nake karanta lambar waya, wannan ce za ta gagare ni?"

Ya nuna mata, jan tsinke a jan kai, baƙi a baƙi. Ta auna ta faɗi lambar daidai. Ya sa ta haɗa caji tun daga farko: batir da kwanturola tukuna, ja sannan baƙi, faifai a lulluɓe, a jona shi, sannan a yaye bargo. Ta kwance ta bi baya-baya. Sau uku ya sa ta yi. A na biyun ta kai hannu ga batir faifai yana jone, ya ce "A'a," ta ce "Na tuna, na tuna," ta koma ta gyara. Ya sa ta cire warwaronta, ta ce ita da ta san haka aikin yake da ba ta yi kwalliya ba. Da ta gama na ukun ya ce mitar ta zama tata, yana da wata a shago.

Kafin magariba ya nemi sauran fentin jirgi da tsinke. A cikin murfin akwatin batura ya rubuta matakan da ajami, wanda shi ne Mammadu yake karantawa, na kwancewa a dama, na ɗaurawa a hagu. Rubutunsa ba kyau, alƙalami bai zauna masa ba tun da ya rasa yatsan, amma ana ganewa. Mammadu ya bi da yatsa ya karanta a fili, ya gyara masa wasali ɗaya.

A can muka kwana. Da safe wani maƙwabcinsu ya haye da mu a ƙaramin kwalekwale, muka sami babur, azahar ta yi mana a Dutse.

Tun daga nan, duk ganin sabon wata sai Maijidda ta kira shago. Ba ta doguwar gaisuwa, lambobi biyu take faɗa, na dama da na hagu. Sau uku cikin wata bakwai ya ce ta fito da faifai. A watan azumi ta kira ta ce ruwan rami ɗaya ya yi ƙasa, ya aika mata gora ta hannun wani direban Jahun. Masu jirage biyu na ƙauyukan kusa, da suka ji baturan Mammadu sun kai bazara da ransu, suka kawo nasu ɗakin komar, ta ce su ma sai an cire zobe kafin a shigo.

Ƙarshen Yuni, ina zaune a shagon yana gyara fankar wata mata, wayarsa ta yi ƙara. Ya sa ta a bayyane domin hannunsa ba sarari. Mammadu ne.

"Audu, an yi ruwa biyu masu ƙarfi, jirgi zai sauka jibi. Mun mayar da kaya."

"Ku da wa?"

"Ni da ita. Ita take faɗa, ni nake ɗaurawa."

"Me ka fara jonawa?"

"Batir. Ja, sannan baƙi. Faifai a ƙarshe."

"Famfo fa?"

"Na zuba bokiti biyu a ciki, ya zuƙe su tas. Fitila ma ta kama."

"To madalla. A duba wayar da ka ɗaure da leda, na sake ta, amma a duba."

"An duba. Yaran gidanka suna lafiya?"

"Lafiya lau. Ana sa ranar auren 'yata Fiddausi bayan Salla, zan aiko a gaya muku."

"Ka gaya mini da wuri, in nemi wanda zai riƙe mini jirgi."

Suka yi sallama. Abdurrahim ya ɗaure murfin fankar, ya jona ta, ta juya. Ya ce in miƙo masa tsumma, akwai wani gida a bayan sakatariya da aka ce ya je ya duba kafin la'asar.